Dilana na Maraɗi ya ce zai yi wa tambarin sabuluna rajista da sunansa, in yarda?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ina da 'yar masana'anta a Sharaɗa, muna yin sabulun wanka da man shafawa. Shekara huɗu ke nan wani dattijo a Maraɗi yake ɗaukar kayanmu yana rabawa har Damagaram da Tawa. Babu takarda a tsakaninmu sai amana, domin aminin marigayi mahaifina ne, Baba nake ce masa. To yanzu ya zo mini da magana biyu. Ta farko in bar masa kasuwar Nijar da Cadi shi kaɗai. Ta biyu, wai saboda masu jabu, zai yi wa sunan sabulun rajista a can da sunan kamfaninsa, kuɗin ma shi zai biya. Ga shi ina bin sa kuɗin tirela biyu tun bara. Yarana na ofis sun ce babu abin tsoro tunda muna da takardar CAC da lambar NAFDAC da takardar tambari daga Abuja. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya, kuma ina jin nauyin in ce wa Baba a zauna a rubuta. Ina mafita?

Daga wani mai masana'anta, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Zuciyarka ce ta gaya maka gaskiya, yaran ofis ɗinka kuwa sun kusa kai ka su baro. Maganar bar masa kasuwa shi kaɗai abu ne da ake zama a daidaita, zan zo kanta. Amma maganar rajista da sunansa, amsarta a'a, ko da kuwa shi ne ya yi maka huɗuba ranar da aka haife ka.

Wannan ita ce ɓarnar da na fi cin karo da ita a wajen masu masana'antu na Sharaɗa da Chalawa da Bompai da Dakata, kuma kullum hujjar iri ɗaya ce: ai ina da takarduna. Takardar CAC shaida ce cewa kamfaninka yana nan a Nijeriya, ba ta kare sunan sabulu ko a Kano, balle a Maraɗi. Lambar NAFDAC izini ce ta sayar wa 'yan Nijeriya kayan. Takardar tambarin da ka karɓo daga ofishin rajista na Abuja ita ce mai kare sunan da gaske, amma ƙarfinta yana ƙarewa ne a Jibiya da Kongolam da Maigatari da Illela. Tirela tana tsallaka iyaka, sunan da ke jikin katan ɗinka ya zama marar uba a idon dokar can, sai wanda ya riga kai takarda.

Nijar ba ta da rajistar tambari tata ita kaɗai. Tana cikin ƙungiyar OAPI, ofishin rajistar tambari na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, kuma rajista ɗaya a OAPI tana aiki a ƙasashe 17 a lokaci guda. Ciki akwai Nijar da Cadi da Kamaru da Benin da Togo da Burkina Faso da Mali da Senegal da Kwaddibuwa. Nijeriya ba ta ciki, Gana ma ba ta ciki. Ka ga abin da Baban naka yake nema ya wuce Maraɗi nesa ba kusa ba. Ranar da takardar ta fito da sunan kamfaninsa, shi ne mai sunan sabulunka daga Nuwakshot har Librebil, na tsawon shekara 10, kuma yana iya sabuntawa iya son ransa. Tsarin OAPI na wanda ya riga shigar da takarda ne. Shekarun da ka yi kana dafa sabulu da wannan suna, ka tanade su don ba wa alƙali labari, su kaɗai ba za su ba ka mallaka ba. Fitar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba, OAPI ƙungiya ce daban.

Me mai takardar zai iya yi? Yana iya sa kotu ta ba da umarni a kama kayanka na ainihi, waɗanda suka fito daga injinka, a matsayin jabu, idan wani ɗan kasuwa ya shigar da su ba da yardarsa ba. Yana iya zuwa wata masana'anta, a Kano ko Legas ko Caina, ya sa a yi masa sabulu mai rahusa a buga sunanka, kuma babu laifin da ya yi a dokar can. Duk ranar da kuka saɓa a kan farashi, ba ka da ikon ɗaukar wani dila a ƙasashe 17, sai dai ka canza wa kayanka suna ka fara tallar daga farko, ko ka sayi sunanka da kuɗinka. Kamfanin Apple, da duk lauyoyin da yake da su, sai da ya biya dala miliyan 60 a shekarar 2012 kafin wani kamfani mai suna Proview ya sakar masa sunan iPad a Caina. Wancan ba dilansu ba ne, amma dalilin ɗaya ne, takardar ƙasar tana hannun wani.

Na san abin da za ka ce: Baba ba zai yi mini haka ba. Na yarda. Ban san shi ba, kuma ba ni da dalilin zargin sa. Wataƙila ma da zuciya ɗaya ya kawo maganar, don masu jabu sun dame shi, kuma gaskiya ne mai rajista ne kaɗai yake da bakin kai ƙara a kansu. Amma tambari dukiya ce. Ana gadon ta, ana sayar da ita, ana jinginar da ita a banki. Baba dattijo ne. Ranar da ta Allah ta kasance, masu rabon gado za su tarar da takardar a cikin kadarorin kamfaninsa, kuma 'ya'yansa ba su yi zaman amana da mahaifinka ba. Idan karayar arziki ta same shi, masu bin sa bashi za su ɗora hannu a kanta. Daidai yake da ka ba mutum hayar gida, sai ya ce bari ya taimaka ya fitar da takardar filin da sunansa tunda shi ne a kusa da ofishin ƙasa.

Akwai masu cewa ai ko ya yi ana iya ƙwatowa. E, akwai ƙofa. Yarjejeniyar Faris ta kare haƙƙin masana'antu, wadda Nijeriya da Nijar duk suka sa wa hannu, ta ce idan wakilin mai tambari ya yi rajista da sunan kansa ba da izinin mai shi ba, mai shi yana iya ƙalubalanta ko ya nemi a soke. To ka lura da sharaɗin: ba da izini ba. Kai kuwa ga shi ya zo ya tambaye ka. Idan kunya ta sa ka ce to Baba, ka ba da izini ke nan, ka rufe wa kanka ƙofar da hannunka. Ko ba ka ce to ba, sai ka tabbatar wa hukuma cewa shi wakilinka ne, alhali babu ko layi ɗaya a rubuce tsakaninku. Shari'ar kuma da Faransanci za a yi ta, da lauyoyin can, kuɗinsu da sefa. Yarjejeniyar Faris ɗin ta ba ka wata shida daga ranar da ka shigar da takardarka a Abuja ka je wata ƙasa ka nemi a lissafa maka daga waccan ranar, amma kai wannan damar ta wuce ka tuntuni.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'yan ejan ɗin da ke yawo da jaka a bakin ofisoshi, su karɓi kuɗin mutum su miƙa masa takardar rajistar sunan kasuwanci su ce masa an gama, yanzu ko a Amurka babu mai taɓa sunanka. Wani ma har ya ce maka zai yi maka ta duniya baki ɗaya daga Abuja. Ƙarya ce. Akwai tsarin Madrid da ake shigar da takarda ɗaya a nemi kariya a ƙasashe da yawa, OAPI ta shiga a 2015, amma Nijeriya ba ta shiga ba, don haka kamfanin da gindinsa yake Kano kaɗai ba zai bi ta nan ba. Hanyarka ɗaya ce: wanda ba mazaunin ƙasashen OAPI ba sai ya bi ta hannun wakilin da OAPI ta amince da shi, kuma suna da jerin sunayensu. Ka nemi ɗaya daga ciki, ya fara yin bincike ko wani ya riga ka, sannan ya shigar da suna da zanen tambarin da sunan kamfaninka na Kano. Sabulun wanka da man shafawa suna rukuni na 3. Idan kana da sabulu mai magani, na ƙuraje ko makamancinsa, wannan rukuni na 5 ne, kada a manta da shi. Kuɗin da za ka kashe ba zai kai ribar tirela ɗaya ba.

Bayan haka sai ka ba Baba abin da yake buƙata da gaske, wato lasisin amfani da tambarin muddin yarjejeniyarku tana raye, da izini a rubuce na bin masu jabu a madadinka. Matsalar jabu ta kau, suna kuma yana hannunka.

Sai maganar jin nauyi, wadda ita ce uwar matsalar. Alhaji, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka kira a farkonta, ba mayaudara ba. An ce a rubuta, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Mu kuwa mun mayar da rubutu zagi, wanda ya ce a kawo biro sai a ce ba shi da tarbiyya. Sannan in rigima ta tashi a taru a zauren wani babba ana rantse-rantse, wannan ya ce katan dubu ne, wancan ya ce ɗari takwas, zumuncin da aka ƙi rubutu dominsa shi ne farkon abin da ke mutuwa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, balle an haɗa da kuɗi da iyakar ƙasa da kuɗin ƙasa iri biyu.

Bashin tirela biyun nan ma kada ka ɗauka yana nan yana jiran ka har abada. Nijar da Cadi da Kamaru suna bin dokokin kasuwanci na OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, mai babbar kotu a Abijan. A dokarsu ta kasuwanci, wa'adin kai ƙara a kan cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa shekara 2 ne. Ka ce tun bara, to lissafa da kanka. Maganinsa mai sauƙi ne: ya sa hannu a takarda cewa ana bin sa kaza, zai biya a rana kaza. Amincewar wanda ake bi tana katse wa'adin a fara sabon lissafi, kuma da irin wannan takardar ce ake samun umarnin biya daga kotu ta gajeriyar hanyar da OHADA ta tanada, ba tare da doguwar shari'a ba.

Yanzu batun bar masa kasuwa. A nan ina bayan Baba fiye da yadda kake zato. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana bin kantuna yana ba da kayanka bashi har mata suka san sunan sabulun, yana da haƙƙin ya ji tsoron ranar da kasuwa za ta nuna ka kawo wani ya girbe. Dila da ba shi da tabbas ba ya zuba kuɗinsa a talla, ba ya kama sito, ba ya sayen mota. Saboda haka ka ba shi, amma da awo. Nijar kaɗai tukuna, ko ma jihohin da yake da ƙafa a cikinsu, Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yamai sai ya nuna yana da mutane a can. Cadi kuwa ban ga dalili ba. Kayan Kano da ke zuwa Njamena ta Maiduguri da Gamborun Ngala da Kuseri suke bi, ba ta Maraɗi ba, kuma sefar Cadi ma ba ita ce sefar Nijar ba, kowace da babban bankinta. Mutum ya riƙe ƙasar da ba ya sayar da komai a cikinta, ya hana ka ba wani, asara ce tsantsa. A sa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, da adadin katan ɗin da zai ɗauka duk wata uku. In ya cika, a sabunta. In ya gaza sau biyu a jere, keɓewar ta faɗi, ya ci gaba da zama dila kamar kowa.

Kuma kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka. Duk wanda ya san kasuwar Singa ya san 'yan Nijar suna zuwa da kansu su yi lodi daga hannun dilolinka na Kano su wuce. In ka rubuta cewa babu kayanka da zai shiga Nijar sai ta hannun Baba, ka karya yarjejeniya tun kafin tawada ta bushe. Abin da za ka iya ɗauka shi ne ba za ka naɗa wani dila a yankinsa ba, ba kuma za ka sayar kai tsaye ga wanda ka san can zai kai ba. Ka riƙa buga wa katan ɗinsa lamba ta daban, don in an ga kaya a kasuwar Maraɗi a san ta inda suka ɓullo. Ragin da kake yi masa kuma ya zama wanda zai iya gogayya da mai ɗaukowa daga Singa, in ba haka ba takarda ba za ta cece shi ba.

A rubuta ƙarara cewa Baba mai saye ne ya sayar don ribar kansa. Dalili kuwa, dokar OHADA ta bambanta shi da wakilin da ke sayarwa da sunanka yana karɓar kamasho. Shi wakilin kamasho, in kuka rabu, doka ta ba shi diyya: aƙalla kamashon wata ɗaya bayan cikar shekara ta farko, na wata biyu bayan ta biyu, na wata uku bayan ta uku, ban da sanarwar da dole ka ba shi kafin rabuwa. Mutanenmu suna kiran kowa wakili, har su buga masa kati da wannan suna, ba su san abin da suke ɗaura wa kansu ba.

Sauran sharuɗɗan, tarihin 'yan shekarun nan ya riga ya rubuta maka su. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. To in an rufe kaya suna hanya, asarar wa? Adadin katan ɗin da ya yi alkawari yana nan ko an ɗage? A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, farkon 2024 ta haura 1,500, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Wanda ya ba da kaya bashi da naira a wancan tsakanin ya san abin da ya same shi. A faɗi kuɗin da za a biya da shi, da lokacin da za a sake duba farashi. A faɗi inda kaya suke fita daga wuyanka, ƙofar masana'anta ne, ko bakin iyaka, ko sitonsa, da wanda zai ji da kwastan da wanda zai ji da duwan, wato kwastan ɗin Nijar. A sa iyakar bashi, kada sabuwar tirela ta tashi sai an biya ta baya. In kana fitar da kayan ta hanyar hukuma da fom ɗin NXP, wanda ake cikewa ta banki don fitar da kaya waje, ka tuna Babban Banki yana son kuɗin su dawo cikin kwana 180, bashin shekara guda ya saka ka a matsala da bankinka ko da Baba bai ci amana ba. A yi takardar da Turanci da Faransanci, a faɗi wadda za a bi in sun saɓa. Wajen warware rigima kuma na fi son a rubuta sulhu tukuna a gaban dattawan kasuwa da kuka yarda da su, in ya gagara a je ga masu hukuncin sasanci, domin Nijeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958 ta amincewa da hukuncin sasanci na ƙetare, hukuncin sasanci ya fi na kotun Kano saurin samun karɓuwa a can.

Babu masana'antar da ta fara da iya wannan. Manyan da kake gani da yarjejeniya mai shafi talatin, kowane sharaɗi a ciki akwai tirelar da ta salwanta kafin a rubuta shi. Inda ƙananan masana'antu suke faɗuwa shi ne darasin yana zama a kan mutum ɗaya, manajan kasuwanci ko direban da ya san hanya, ranar da ya bar aiki ya tafi da shi, a sake yin kuskuren da dila na gaba. Ka buɗe fayil na kowane dila. Duk saɓanin da aka yi, ko na katan goma da suka jiƙe ne, a rubuta abin da ya faru da yadda aka warware, in lokacin sabuntawa ya zo a mayar da shi sharaɗi. Yarjejeniyar Maraɗi ita za ta zama uwar wadda za ka yi da na Njamena ko Garwa gobe. Ka sa Baba ya riƙa turo maka lissafin abin da ya sayar da garuruwan da kayan suka shiga duk wata, kai ma ka riƙa taka ƙafa kana zaga kantunan da kanka. Mai masana'antar da bai san ko mutum biyar cikin masu sayen kayansa a ƙetare ba, dila ne yake da kasuwar, shi ɗan ƙwadago ne. Dila na gaba kuma kai za ka fita ka zaɓo shi bayan ka tambayi bankinsa da sauran kamfanonin da yake ɗaukar wa kaya, kada ka tsaya jiran wanda ya fara yin sallama a ofishinka.

Tsarin da zan ba ka shi ne, kada ka ce wa Baba komai a kan rajista sai wakilin OAPI ya gama bincike ya shigar da takardarka. Sannan ka shirya ka je Maraɗi da kanka, kada ka aika yaro, kada ka yi ta waya. Ka tafi masa da abin da zai faranta masa, wato keɓewar yankinsa da lasisi da izinin kama masu jabu, ka ce masa don 'ya'yansa da naka kake son a rubuta. Takardar bashin a sa mata hannu a wannan zaman.

In kuwa bincike ya nuna ya riga ya shigar, to a duba ranar da OAPI ta wallafa buƙatar tasa, domin wata uku ne kacal ake da su na ƙalubalanta daga wannan ranar. Ko an shiga wannan ko ba a shiga ba, kada wata tirela ta tashi daga Sharaɗa sai ya sa hannu a takardar mayar wa kamfaninka da tambarin, ka biya shi abin da ya kashe, wakilinka kuma ya kai takardar a shigar da ita a kundin OAPI. Wadda aka sa wa hannu aka ajiye a durowa ba ta hana wani na uku saye daga hannunsa.